Ra'ayinmu: Yatsu Biyar a Ɗakin Lacca

Duk wanda ya nemi shiga jami'a, abu na farko da akan duba a takardunsa shi ne ko ya ci Turanci. In Allah ya sa ya samu shiga, sai a sake zaunar da shi shekara guda ana gyara masa harshen, a koya masa yadda ake jera jimla da yadda ake rubuta takardar neman aiki. Wannan duk daidai ne, ba mu da ja a kansa. Amma fa akwai wani harshe na biyu da ake magana da shi a kowane ɗakin lacca tun daga ƙarfe 8 na safe har la'asar sakaliya, wanda ba a tambayar kowa shaidar ya iya shi, ba a kuma koya wa kowa shi, alhali kuwa ana ba da maki saboda shi, ana kuma hana maki saboda shi. Watau muna nufin maganar ido da hannu da fuska, da yadda mutum ke tsayuwa da yadda yake zama. Abin da ya auku a ɗaya daga cikin tsangayoyinmu a zangon karatun da ya wuce shi ya sa muka ga ya wajaba mu ce wani abu, domin mun lura an mai da labarin abin raha a ɗakunan kwana da teburin mai shayi, an bar ainihin abin da ke cikinsa.

Ga yadda abin ya kasance, kamar yadda waɗanda aka yi a gabansu suka shaida wa Ƙungiya. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, ko na sashe, domin ba tonon silili ya fito da mu ba. Wani malami baƙo, wanda bai fi wata 4 da zuwa daga ƙetare ba, ya raba wa 'yan aji uku batutuwa, kowa ya fito gaban allo ya yi bayani na minti 15, kuma maki 20 daga cikin 100 na kwas ɗin a kan wannan bayani suka rataya. Wani ɗan'uwanmu yana tsakiyar nasa, ya yi nisa, sai malamin, wanda ke zaune can bayan aji, ya duba agogo ya ga saura minti 5. Don kada ya katse masa hanzari, sai ya ɗaga hannun dama, ya ware yatsun nan biyar, ya fuskantar da tafin ga ɗalibin, ya kuma turo shi gaba har sau biyu don ya tabbata an gani. An kuwa gani. Ɗalibin ya yi turus, magana ta maƙale masa, waɗanda ke gaba suka waiwaya don su ga abin da ya tsai da shi, suka tarar da hannun malam yana nan a sama. Sai aji ya kaure, masu dariya na yi, masu salati na yi. Ɗalibin ya tattara takardunsa ya fita bai ce uffan ba. Malamin kuwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya rubuta masa sifiri, ya ƙara da cewa ya bar aji ba izini.

Wannan shi ne rabin labarin da kowa ya sani. Ɗaya rabin a ofis aka yi shi, ba 'yan kallo, shi ya sa bai yi farin jini ba. Da abokai suka lallashi ɗalibin ya je ya ga malamin, sai ya shiga da sallama, ya rusuna, ya sunkuyar da kai, idonsa a ƙasa, kamar dai yadda aka hore shi ya yi a gaban duk wanda ya girme shi, ko da kuwa shi aka ɓata wa. Malamin ya ce ya miƙe ya dube shi in ana yi masa magana. Ya ɗago ya yi masa kallo ɗaya, ya sake mai da kai ƙasa, da ɗan yaƙen nan da Bahaushe kan yi in kunya da ɓacin rai suka haɗe masa. Malamin ya rubuta wa shugaban sashe cewa yaron ya ƙi dubansa, ya kuma yi masa dariya. Allah ya sa shugaban sashen dattijo ne da ya san gida ya san waje. Cikin minti 10 ya warware ƙullin. An ce da malamin ya fahimci abin da hannunsa ya faɗa, sai da ya dafe kai. Ya nemi gafara a gaban aji, aka ba ɗalibin wata rana ya sake bayaninsa, magana ta mutu. Mun yaba wa malamin, domin ba kowane mai digiri uku ke iya tsayawa gaban ɗalibansa ya ce ya yi kuskure ba.

To, in magana ta mutu, me ya sa muke tono ta? Domin kuskure biyu aka yi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko mai ƙara ne, irin wanda kan faru sau ɗaya a shekara goma, kowa ya gani, a yi dariya, a gyara. Na biyu ba ya ƙara. Kullum ana yinsa, a ofisoshin malamai, da gaban kwamitocin ladabtarwa, da wajen ganawar ɗaukar aiki, kuma galibi ba wani dattijo a kusa da zai warware shi.

Bari mu fara gamawa da mai sauƙin. Daƙuwa tana cikin alamun da ma'anarsu a yanke take kamar ta kalma. Masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Paul Ekman da Wallace Friesen, sun ware irin waɗannan alamu a matsayin aji na musamman a cikin wani rubutu da suka yi a 1969, suka bambanta su da motsin hannun da ke raka magana kawai. Abin lura game da su shi ne koyonsu ake yi kamar yadda ake koyon kalmomi, don haka kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tafin hannu a buɗe da yatsu a ware, a yawancin ƙasashen Turai da Amurka, ma'anarsa biyar, ko dakata, ko ma gaisuwa daga nesa. A wurinmu zagin uwa ne tsagwaronsa. Ba mu kaɗai ba ne kuma: Girkawa, waɗanda Turawa ne, su ma suna da wannan alama a matsayin cin mutunci mai tsanani, har in za su nuna biyar sukan juya tafin ya dube su. Haka yafito. Mu mukan kifa hannu mu yafito mutum, Bature ya ga kamar ana yi masa ban kwana ko ana korarsa, shi kuma in ya lanƙwasa yatsa ɗaya sama ya kira ɗalibi, sai ɗalibin ya ji an mai da shi kare. Jinjina ma, wadda ke cikin mafi girman gaisuwarmu, wanda bai san ta ba in ya ga an dunƙule hannu an ɗaga masa, tsammani zai yi naushi ake yi masa alkawari.

Irin waɗannan ba su da yawa. Takarda guda ta ishe su. Tun cikin shekarun 1950 Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta ɗauki masanin al'adu Edward Hall yana koya wa ma'aikatan da za ta tura ƙasashen waje irin waɗannan abubuwa, kuma daga wannan aiki ne littafinsa The Silent Language ya fito a 1959. Yau fiye da shekara 60 ke nan. Mu kuwa sai mu ɗauko baƙo daga filin jirgi, mu ba shi mabuɗin gida da jadawalin lacca, mu sake shi cikin aji, ba wanda ya zaunar da shi ko na rabin sa'a ya ce masa, Malam, ka kula da hannunka. In akwai laifi a ɓangaren farko na labarin nan, to a nan yake.

Maganar ido ita ce mai wuya, domin ba a takarda guda take ba, a cikin tarbiyya take. Yaron da ya tashi a gidan Bahaushe, tun kafin ya iya ɗaura wando ake koya masa cewa ƙura wa babba ido fitsara ce. In ya je makarantar allo, a gaban malam kansa a kan allonsa yake. In ya girma ya shiga karatun zaure, idonsa a kan littafi, malam na fassara yana amsawa. In mahaifinsa na yi masa faɗa ya ɗago ido, sai a ce ga shi har yana kallon mutane, faɗan ya ƙaru. Ga 'ya mace kuwa abin ya ninka, domin bayan al'ada ga umurnin runtse gani da ya zo a Suratun Nur, wanda ya hau kan maza da mata baki ɗaya. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya kuma koyar a Zariya kafin ya koma Ingila, da ya zo lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a cikin laccarsa da aka buga a 1974, ya sa kunya da ladabi cikin siffofi 10 da ya kawo, tare da su gaskiya da amana da haƙuri. Ashe ke nan abin da ɗalibinmu ya yi a ofishin nan shi ne iyakar girmamawar da ya mallaka. Ya kai ta, aka karɓe ta a matsayin raini.

Kada kuma mai karatu ya zaci baƙi kaɗai ke wannan fassara. Da haka ne da da sauƙi. Tsarin makarantar boko kansa, da littattafan koyon shiga ganawar neman aiki da ake sayarwa a bakin ƙofar jami'a, da masu ba da horo a ma'aikatu, duk sun ɗauko ƙa'idar Turawa cewa mai gaskiya shi ke kallon mutum ido cikin ido, wanda ya kau da kai kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Har waɗansu daga cikin namu, waɗanda su ma da sunkuyar da kai aka rene su, sukan hau kujerar kwamiti su manta. Mun sha jin an fito daga zaman binciken satar jarrabawa ana cewa, ai daga ganin yadda ya kasa haɗa ido da mu ka san ya yi. A kan irin wannan magana ake korar mutum daga jami'a bayan ya ci shekara uku yana wahala, iyayensa sun sayar da abin da suka sayar.

To, shin gaskiya ne maƙaryaci ba ya iya haɗa ido? An bincika, kuma amsar ita ce a'a. A 2003 Bella DePaulo da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan alamun ƙarya, suka auna alamu 158 ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kau da ido ba ya rarrabe mai ƙarya da mai gaskiya. A 2006 ita da Charles Bond suka sake tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa mutum fiye da 24,000, inda akan sa su saurari ko su kalli mai magana su faɗi ko gaskiya yake yi, aka tarar a tsakaice kashi 54 cikin 100 suke cankar daidai. Wanda ya rufe ido ya jefa kwabo zai sami kashi 50. Watau duk gwanintar nan ta karanta fuska da mutane ke taƙama da ita, kashi 4 ta ɗara caca. Bahaushe yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma akwai gaskiya a ciki in ana maganar uwa da ɗanta ko miji da matarsa, waɗanda suka san fuskar juna shekara da shekaru. Amma ba a gina hukuncin kora a kan karin magana. Gogaggen ɗan damfara ma shi ya fi kowa iya ƙura ido, domin ya san abin da ake nema ke nan.

Yaƙen ma da aka fassara da dariya yana da bayani. A farkon shekarun 1970 Friesen ya nuna wa ɗaliban Amurka da na Japan finafinai masu tayar da hankali. Da kowa ke kallo shi kaɗai, fuskokinsu kusan iri ɗaya suka nuna. Da aka shigo da wani babba ya zauna tare da su, sai Japanawan suka riƙa rufe ƙyamarsu da murmushi. Kowace al'umma tana da ƙa'idarta game da abin da fuska za ta bayyana a gaban na gaba. Tamu ta ce kada ka ɗaure wa babba fuska, kada ka yi masa kuka kana namiji, kada ka mayar masa da magana. Me ya rage wa fuskar in ba yaƙe ba?

Sai kuma shiru, wanda shi ma magana ne. Malami ya jefa tambaya, ya nuna ɗalibi, ɗalibin ya yi shiru yana sosa ƙeya, kafin ya buɗe baki an wuce shi, an kuma sa shi a sahun daƙiƙai. Wata Ba'amurkiya masaniyar harkar koyarwa, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin darussa masu yawa a faifai ta auna, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa 1 tak bayan sun yi tambaya. Da aka horar da su suka riƙa jira daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, masu cewa ban sani ba suka ragu. Wannan fa a tsakanin yaran da Turanci harshen uwarsu ne. Ina ga wanda zai ji tambaya da Turanci, ya juya ta a zuci da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ya nemo amsa, ya sake juya ta, sa'an nan ya tsallake tarbiyyar da ta hana shi yi wa babba azarɓaɓin magana? Haka nan gyaɗa kan da mukan yi in malam ya ce an gane. Sau da yawa ma'anarsa mun ji, Allah ya ƙara girma. Malamin da ya ɗauke shi a matsayin shaidar fahimta zai sha mamaki ranar da ya buɗe takardun jarrabawa.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu ja kunnen 'yan'uwa game da wata ƙididdiga da masu laccar ƙarfafa gwiwa ke yawo da ita, wai kashi 93 cikin 100 na magana ba da baki ake yinta ba, kalmomi kashi 7 kawai ke gare su. Asalin wannan lissafi gwaje-gwaje biyu ne ƙanana da Albert Mehrabian ya yi a 1967, inda aka sa mutane suka saurari kalma ɗaya ɗaya, suka kalli hotunan fuska, aka tambaye su ko mai maganar yana son wanda yake yi wa magana. Shi Mehrabian da kansa ya yi gargaɗin cewa lissafin bai shafi kowace magana ba, sai inda mutum ke bayyana so ko ƙi. In da gaske kalmomi kashi 7 ne, da mun ci jarrabawar lissafi da kallon fuskar malam. Maganar jiki tana da muhimmanci, ba ta bukatar a yi mata ƙarin gishiri.

Amma kada mu mai da komai rashin fahimta, domin akwai alamun da kowa ya fahimce su sarai. Malamin da ɗalibi zai yi masa tambaya ya amsa da tsaki, ko ya watsa masa harara, ko ya zunɗe shi da baki yana yi wa aji murmushi, ko ya wurgo masa takardarsa ƙasa maimakon ya miƙa masa, wannan ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, ya san abin da ya yi, ɗalibin ma ya sani. Wulaƙanci sunansa, kuma kasancewar ba a furta shi da baki ba shi ke sa ya yi wuyar kai ƙara, don in an tambaya sai ya ce me na ce masa? Malamai su sani ɗalibai suna karanta su fiye da yadda suke zato. A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal sun nuna wa waɗansu mutane hotunan bidiyo na malamai 13 suna koyarwa, daƙiƙa 30 ga kowane malami, ba murya, aka ce su auna su. Abin da suka faɗa ya zo kusa ƙwarai da abin da ɗaliban malaman suka faɗa bayan sun zauna da su zango guda cur. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a aji ma haka take.

Ɗalibai ma ba su kuɓuta ba. Jan takalmi a ƙasa in lacca ta yi tsawo, da tsakin taron dangi daga bayan aji, da gyaran muryar da ake yi in wata ɗaliba ta miƙe za ta yi magana, har ta daburce ta zauna, ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin al'adar kowa. Wanda zai fake da kunyar Bahaushe a ofishin malam, bai kamata a same shi yana murguɗa baki a bayan malam ba. Akwai kuma abin da ya fi ci mana rai a labarin yatsu biyar ɗin nan. A ajin akwai mutum wajen 80. Da yawansu suna kallon ƙwallon Turai da finafinan waje, sun sha ganin an ɗaga hannu haka ana nufin biyar. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya miƙe ya ce, ɗan'uwa, ci gaba, minti biyar Malam ke nufi ba. Da an faɗi wannan jimla guda, da ba a kai ga sifiri ba, balle takarda zuwa ga shugaban sashe. An zaɓi dariya. Shugaban aji da ba zai iya wannan ba, ban da karɓar kuɗin kwafin takardu me aka zaɓe shi ya yi?

Wanda ya yi wa baƙon malamin nan dariya kuma ya tuna gobe shi ne baƙon. Tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973, akan tura mai digiri wata jiha da ba tasa ba, kuma da yawa aji ake ba su su koyar. Ɗan Katsina ko Haɗeja zai tsinci kansa a wata makarantar sakandare a ƙasar Yarabawa, yaro namiji ya zube masa ƙasa rub da ciki, yarinya ta durƙusa a kan gwiwa, in bai sani ba ya zabura ya ce kada a yi masa sujada, ya kunyata yaran da ladabin gidansu suka kawo masa. 'Yar'uwarmu za ta je ofis, abokin aiki ya miƙo mata hannu da zuciya ɗaya, ta noƙe, shi ya ji an tozarta shi a gaban mutane, ita ta ji an keta mata haddi, alhali da ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna tun kafin hannun ya iso, da kowa ya fita da mutuncinsa. Hannun hagu kam kusan duk ƙasar nan an yi tarayya a kan ƙyamar ba da abu ko karɓa da shi, sai dai muna roƙon a riƙa yi wa bahago uzuri, domin kimanin mutum 1 cikin 10 haka Allah ya halicce shi, kuma mantuwa ba raini ba ce.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne mu watsar da sunkuyar da kan nan, wai alamar bauta ce, ita ta sa aka bar mu a baya. Ba mu yarda ba. Ba mu ga abin da ya hana Japanawa ƙera mota don suna rusuna wa manyansu ba. Akwai kuma masu cewa kada a taɓa komai, duk wanda ya zo ƙasarmu shi zai koyi namu. Su ma ba mu bi su ba, domin ba a ƙasarmu kaɗai za mu nemi abinci ba. Mun koyi Turanci ba mu zubar da Hausa ba, kuma mun san inda ake yin kowanne. Haka za mu yi da wannan. A gaban mahaifi da malamin zaure, kai a ƙasa. A gaban hukumar ɗaukar ma'aikata, ko ranar kare kundin digiri, mutum ya zauna daidai, ya dubi wanda ya yi masa tambaya yayin da yake amsawa, ba ƙuri ba, dubi na natsuwa, ya ɗaga murya yadda za a ji. Wannan ba fitsara ba ce, harshen wurin ke nan. Su kuma 'yan'uwanmu da suka riga suka kama aikin gwamnati, waɗanda nan da shekara 10 su ne za su zauna a ɗaya gefen teburin, muna fata in yaro ya shigo ya sunkuyar da kai za su tuna daga inda ya fito, su saurari abin da yake faɗa kafin su rubuta masa rashin ƙwarin gwiwa.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a da ta sa a riƙa zaunar da duk sabon malami, daga ƙetare ya zo ko daga wani sashe na ƙasar nan, a yi masa bayanin waɗannan abubuwa kafin ya shiga aji. Ɗaliban shekarar farko kuma dama ana ba su kwas na sadarwa da Turanci da kwas na al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, don haka ba sabon kwas muke nema ba, mako ɗaya ko biyu muke roƙo a ware a cikin waɗannan. Abin da muka fi matsawa a kansa shi ne kwamitocin ladabtarwa: a rubuta cikin ƙa'idojinsu cewa yanayin fuskar wanda ake tuhuma, da kallonsa ko rashin kallonsa, ba hujja ba ne, kuma kada ya shiga rahoto. Wakilanmu za su gabatar da wannan bukata a rubuce a zama na gaba da shugaban harkokin ɗalibai.

Ita ma Ƙungiya ba za ta tsaya jiran hukuma ba. A jami'ar nan akwai Hausawa da Fulani da Kanuri da Nufawa da Tibi da Yarabawa da Ibo da Bajju da sauran ƙabilu masu yawa, ga ɗalibai daga Nijar da Kamaru da Chadi, ga kuma 'yan'uwanmu kurame, waɗanda maganar hannunsu cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta, har Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kan ta Kano a shekarar 2000. An ajiye akwati a ofishin Ƙungiya. Kowa ya rubuto alamun da ake yi a garinsu da hannu ko ido ko baki, da ma'anarsu, da wanda ake yi wa da wanda ba a yi wa, musamman waɗanda ya taɓa ganin sun jawo rikici. Za mu roƙi malaman Sashen Harsunan Nijeriya su tace abin da aka tara, mu buga shi a fitowa ta gaba, mu kuma kai kwafi ofishin kowane shugaban sashe. Za a rufe karɓa ranar Juma'ar ƙarshe kafin a fara jarrabawa.